Sawun da Aka Share

Ranar Alhamis da rana tsaka cibiyar rabon wuta ta bugo wa tashar Dzolevi, ta ce a kunna inji yanzu-yanzu, wata babbar tasha ta faɗi a bakin teku, ana neman wuta ko ta halin ƙaƙa. Tashar Dzolevi ba ta kunna ba. Da ma'aikata suka hau kan madatsar ruwa sai suka tarar an cusa sanda tsakanin sarƙar da ke ɗaga ƙofar ruwa da haƙoran ƙarfen da ke jan ta. Sarƙa ta goce, injin ɗagawa ya ƙone, ɗakin ƙofa sai ƙaurin waya.

Sandar ta makiyayi ce, mai ɗaurin fata a kai. Makiyayi kuwa ɗaya ne tak a duk ƙasar Dzolevi, wani Bafillace mai suna Belko, wanda ke kiwon shanun attajiran garin a gindin tudu, yana zaune da iyalinsa. Mutanen Dzolevi ba sa ɓata lokaci a shari'a. Kafin rana ta faɗi an yanke masa hukunci a rumfar bammi, an tabbatar a bakin famfo, an ɗaukaka ƙara a ƙofar coci an kuma tabbatarwa. Kofur ɗin 'yan sandan garin ya je ya taho da shi, ya ce don kada a taɓa lafiyarsa ne, sannan ya garƙame shi.

Washegari da safe Injiniya Akofa, shugabar tashar, ta tsaya a ƙofar gidan Efo Gameli ta yi sallama irin tasu, "Agoo!"

Efo Gameli ya yi rabin rayuwarsa a gandun dajin arewa yana bin sawun ɓarayin namun daji. Ya dawo gida da fansho, da ciwon gwiwa, da baki. In ya sha bammi yakan ce yana iya duba sawun ɓauna ya faɗa maka ko tana da ciki. Ba wanda ya taɓa kawo ɓauna a gwada shi, amma duk akuyar da ta ɓace a garin shi ke nemo ta, har da wanda ya ɓatar da ita.

"Efo, aron idonka na zo yi."

"Idon ya tsufa, Injiniya, amma har yanzu ya fi na kofur. Zauna. Ga akple, tuwon masara da zafinsa, sa hannu."

Ba ta sa hannu ba. 'Yar bakin teku ce, ba 'yar garin ba, kuma ba ta iya doguwar gaisuwa ba.

"Kasuwar wuta tana da doka," in ji ta. "Kullum sai kowace tasha ta faɗa wa cibiya ko a shirye take gobe. In ka ce a shirye kake, aka kira ka ka kasa, an ɗaura maka laifi ɗaya. In ya kai uku a shekara an sallame ka daga kasuwa, babu mai karɓar wutarka ko kyauta ka bayar. Mu muna da biyu tun damina."

"Jiya kuma na uku."

"Sai fa in hannun waje ne ya yi ɓarnar. Wannan ba a ɗora wa tasha. Amma sanda kaɗai ba za ta ishi mutanen cibiya ba. Suna son wanda zai ce ga ta inda ya shigo, ga ta inda ya fita."

"Wato kin riga kin san abin da zan gani."

"Na san abin da nake roƙon Allah ka gani. Senyo ɗinka ma a can yake cin abinci, Efo."

Wannan ba sai an tuna masa ba. Senyo shi ne ɗansa namiji ɗaya tilo, shi ne mai kula da ƙofar ruwa. Da albashin tashar ya sa wa ɗakinsa kwano, ya yi aure, ga matar da tsohon ciki. In tasha ta fita daga kasuwa, Senyo sai birnin Tema na bakin teku neman ƙwadago kamar sauran samarin garin, su da ba a ganinsu sai ranar jana'iza. Efo Gameli ya wanke hannu, ya ɗauki tsohuwar hularsa ta gandun daji.

A ɗakin ƙofa babu abin karantawa. Rabin garin ya shiga ya fito yana kallon sanda, har da mai tallan lemo. Senyo na tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu, idonsa ya yi ja.

"Faɗa mini yadda aka yi," in ji Efo.

"Injiniya ta bugo mini daga ɗakin inji a ƙasa, ta ce an kira mu, in buɗe. Na shigo na danna, sai ƙara, sai hayaƙi. Sai a lokacin na ga sandar, Fofo." Haka ake kiran uba a garin.

"Ba ka gan ta ba kafin ka danna?"

"Sauri nake. 'Yan mintoci kawai suke ba mu."

"Ka busa jiniya?" Kowa ya san kafin a saki ruwa sai jiniyar da ke kan dogon ƙarfe ta yi kuka, don duk wanda ke cikin kogi a ƙasa ya fita.

Senyo ya kalli Injiniya Akofa, ita kuma ta kalli wayarta. "Yadda aka saba," in ji shi.

A waje, a kan jar ƙasar da ke gefen madatsa, inda 'yan kallo ba su taka ba, Efo ya ga sawun takalmin aiki, ƙafar hagu ta ɗan karkata ciki. Haka Senyo ke takawa tun yana tatata. Takun gudu ne, manya-manya, tsakanin bakin madatsa da bukkar mai gadi da ɗakin ƙofa. Efo ya ce a ransa, ya ga ɓarna ya ruɗe yana neman mai gadi, ya wuce abinsa.

Kogin Ahavo a rani yashi ne da 'yan tafkuna. Kullum da magariba, lokacin da birane ke kunna fitilu cibiya ta kira, tasha takan saki ruwa ya sauko ya wanke yashin tas. Tun Alhamis ruwa bai sauko ba, don haka duk abin da ya taka yana nan. A ƙasa da ɗakin inji, inda kogi ya karya kwana, akwai wani tafki a gindin rimi. Nan Efo ya tsaya ya yi murmushi. Daga bakin tafkin an share yashi da ganyen kwakwa, siririyar hanya faɗin taki guda, ta hau gaɓa, ta bi turba har zuwa inda ƙasa ta koma tsakuwa. A daidai nan turbar ta rabu biyu, ɗaya ta nufi gari, ɗaya ta nufi rugar Belko. Akwai sawun mata a gefe, amma mata kullum suna zuwa wanki, bai ko sunkuya ya duba ba.

Da ya kamata ya kai labarin ga Injiniya a ɓoye. Rumfar bammi ya kai shi.

"Mai wayo ne," ya ce da ƙoƙo a hannu. "Ya sauko ta kogi ya share sawunsa. Bai sani ba sharar ma sawu ce. Ta kai ni har mararrabar ruga."

Samari suka fara maganar adda da ashana. Ana cikin haka sai ga Daavi Kosiwa, matar marigayi kafinta, da kwanon dokunu, dafaffen ƙullin masara, a ka, cikin farin zane da sabon takalmi. Shekara guda ta yi cikin baƙin takaba, ba takalmi, ba kasuwa, ba cin abinci da mutane, kan tabarma take kwana. Rumfa ta kaure da sowa.

"Daavi, barka da fita! Yanzu sai mu fara layin neman aure?"

"Ku fara layin biyan dokunu tukun, marasa kunya," in ji ta, tana dariya har da haƙorin da ya rage mata a gefe. Ta miƙa wa Efo ɗaya kyauta, ta ce yau ko maƙiyinta sai ya ci.

Belko na zaune a ƙasa a ɗakin kofur, ya naɗe ƙafa, kamar wanda ke jiran mota.

"Sandar taka ce?" in ji Efo.

"Tawa ce, Baba. Mai gadin nan mai tumbi ya ƙwace ta ranar da shanu suka sha ruwa a bakin madatsa. Ya ce in kawo kaza in fanshe ta. Na ga sanda ba ta kai kaza ba, na saro wata."

"Ran Alhamis da rana kana ina?"

"Bayan tudu da shanu. Su ne shaiduna, amma kofur ya ce ba ya jin yarensu."

"An share sawu daga kogi har mararrabar rugarka."

Belko ya ɗaga kai ya dube shi sosai, sannan ya yi 'yar dariya. "Haba Baba. An ce ka zauna arewa. Ni da garke guda a hannuna, in ina son ɓad da sawuna ai shanu zan kora a kai. Me zan yi da tsintsiya?" Sannan ya ce, "Matata da yara su kaɗai ne a ruga. Na ji abin da samari ke faɗa ta taga."

Efo Gameli ya fito. Abin da Belko ya faɗa shi ne abin da shi da kansa ya sha gani a gandun daji. Ya ji kunya, kuma kunyar ba ta yi masa daɗi ba ko kaɗan.

Korku mai gadi ya fara da rantsuwa cewa bai taɓa ganin sandar ba. Da ƙoƙo na biyu ya tuna ya taɓa ganinta. Da na uku ya tuna tana jingine a kusurwar bukkarsa tun ranar da ya karɓe ta.

"To ran Alhamis da rana kana ina?"

"Efo, ka san mutum da ciki. Akwai wata baiwar Allah a bayan makaranta, ta daka sakwara, ta aiko. In ƙi zuwa ai wulaƙanci ne. Don Allah kada Injiniya ta ji."

"Bukkar a kulle ka bar ta?"

"Kulle? Ƙofar ma da dutse nake tare ta."

"Ba ka ji jiniya daga can ba?"

Korku ya kwashe da dariya. "Wace jiniya? Ai tun farkon rani ta mutu. Tsuntsu ma ya yi sheƙa a bakinta, har ya ƙyanƙyashe. An ce kayan gyara suna tahowa daga Tema, da ƙafa ina ji. Ba wanda ya damu, kowa ya san ruwa da magariba yake zuwa."

Mai gadi da ya bar aiki ya tafi cin sakwara, ga sanda a ɗakinsa, zai yi wa mutanen gari daɗin zargi in sun gaji da Belko. Amma Efo ya dubi tumbin Korku, ya tuna babu sawunsa ko ɗaya a kan jar ƙasar nan, ya tashi ya bar shi da ƙoƙonsa.

Ya koma kogi. Wannan karon ya durƙusa, gwiwa na ƙara. Ɓarawon da ke share sawunsa da baya-da-baya yake tafiya, yana goge wurin da ya taka, ba ya barin komai. A nan kuwa mai sharar ta bi gefen hanyar ne a karkace, yatsunta na fuskantar abin da take sharewa, ta bar sawunta raɗau daga tafki har tsakuwa. Ba nata take gogewa ba. Na wani take gogewa, wanda ke tafiya a gabanta. A ɗaya gefen akwai sawun wasu mata, ɗaya da sandar dogarawa, kuma a gaɓa an ga inda aka jawo ta sama da hannu biyu.

Ya ƙara duba ƙafar mai sharar. Babban yatsan dama a tsage yake. Ya san fartanyar da ta tsaga shi, domin shi ne ya yar da ita a hanya tun suna yara.

Yayarsa Abla na tuƙa akple a bayan ɗaki da ya shigo.

"Daa Abla, sawun wa kika share a kogi?"

Muciya ta tsaya. "Kai Gameli, tsufa bai hana ka leƙen abin mata ba?"

"Sawu na gani, ban ga mutum ba."

"Shi ya sa ban kwaɗa maka wannan ba." Ta leƙa waje, ta rage murya. "Ka je ka ƙare rayuwarka cikin birai, ba ka san komai na garinku ba. Wankan fitar takabar Kosiwa muka yi. In mace ta fito daga ruwa ana share sawunta har ƙasa mai tauri, don kada mijin ya biyo ta gida. Ba a faɗa wa namiji rana, ba a faɗa masa wuri. In idon namiji ya sauka a kan wankan, ya karye. Sai ta koma baƙi ta sake wata shekarar daga fari."

"Me ya sa da rana tsaka?"

"Da yaushe kake so? Maza suna gona, ruwa kuma sai magariba."

"Ran Alhamis da rana tsaka aka kira tasha, Daa. Da ƙofar ta buɗe, a lokacin ruwan zai sauko. Jiniya kuma ta mutu."

Abla ta saki muciya a cikin tukunya. Akple ya fara kamawa a gindi. Can ta ce, "Mama Sefako da sandarta ko gaɓar ba ta iya hawa sai mun ja ta."

Da yamma Efo Gameli ya sake hawa madatsa. Ya je inda sawun gudun ya fara, a can ƙarshen katanga. Ƙafa biyu ne a haɗe, dugadugai a ɗage, irin tsayuwar mai hangen nesa. Ya sa ƙafarsa a gefensu ya duba ƙasa. Daga nan kaɗai ake ganin tafkin gindin rimi, ɗan ƙarami, nesa da inda ihu zai kai. Daga wannan tsayuwar gudun ya tafi bukkar Korku, daga bukkar ya tafi ɗakin ƙofa, a nan ya ƙare. Wanda ya tarar da ɓarna daga ɗakin ƙofa gudunsa ke farawa.

Akwai tsintsiya a jingine a bukkar mai gadi. Ba ma sai tsintsiya ba, jan ƙafa sau biyu ya isa. Ya tsaya yana kallon ƙafar hagun nan mai karkata, yana alfahari da ɗansa, yana kuma jin tsoron da bai taɓa ji ba ko a gaban mafarauci mai bindiga.

"Fofo." Senyo ne a bayansa.

"Me ka gani daga nan?"

"Ban ga komai ba."

"Belko yana da 'ya'ya, Senyo."

"Ban ga komai ba, Fofo."

"To. Gobe a gaban Togbe zan faɗi abin da ƙasa ta faɗa." Ya sauka a hankali saboda gwiwa, bai waiwayo ba.

Gari kaf ya taru a gindin mangwaron ƙofar Togbe, sarkin Dzolevi. A kan benci ɗaya aka zaunar da Belko, da Korku yana gumi, da Senyo. Injiniya Akofa ta samu kujera. Mata na gefe guda, Daavi Kosiwa cikin farinta a tsakiya, Abla kusa da ita fuska a ɗaure. Aka zuba wa kakanni barasa a ƙasa, sannan aka ba Efo Gameli magana.

"Togbe, abin da na faɗa a rumfa, bammi ne ya riga ido magana. Sharar kogi ba ta ɓarawo ba ce, ba ta kuma shafi wannan zama ba. A bar ta a nan."

Ya juya ga Belko. "Sandar tasa ce, amma ta daɗe ba ta hannunsa. Sawunsa na ƙarshe a madatsa kashin shanu ya bushe a kai. Korku, ina sandar take?"

"A bukkata," in ji Korku da ƙaramar murya.

"Kai kuma kana ina?"

"Wajen wani uzuri."

"Uzurin da miyar gyaɗa ne ko da ta kwakwa?" wani ya jefa daga baya. Aka yi dariya, har Togbe ya rufe baki da gefen mayafi. Efo bai yi ba.

"Ƙafa ɗaya ce ta shiga bukkar nan ta fito da gudu ta shiga ɗakin ƙofa. Takalmin tasha ne. Hagu tana karkata ciki. Ni na koya mata tafiya." Ya nuna da haɓa. "Senyo ne."

Dariyar ta ɗauke. Matar Senyo ta dafe ciki ta zauna a ƙasa. Injiniya Akofa ta rufe ido, domin ta san abin da hannun cikin gida ke nufi.

Mai magana da yawun Togbe ya buga sandarsa. "Togbe na tambaya, ɗan Gameli, haka ne?"

"Haka ne. Ni na cusa, ni na danna. Sandar da na fara gani na ɗauka, ban tsaya tunanin ta wa ce ba. Belko, ka yafe mini."

"Togbe na tambaya, don me?"

"Ba ni da dalili."

Nan wuri ya yamutse. Wasu suka ce biyansa aka yi, wasu suka ce asiri ne, samarin da suka wasa adda domin Belko suka juyo da ita wajen abokinsu ba tare da wata wahala ba. Kofur ya zaro ankwa, yana faɗa wa na kusa da shi cewa lalata kayan wuta da gangan shekaru ne a gidan yari. Togbe ya dubi Efo. Efo ya san dalilin, ya san kuma abin da faɗarsa za ta ci. Ya ce, "Ƙasa ta nuna mini ƙafa, Togbe. Iyakar nawa ke nan."

Sai ga Daavi Kosiwa ta miƙe. Abla ta kama gefen zanenta, ta fizge.

"Togbe, yaron nan ya gan mu."

Mata suka ja numfashi gaba ɗaya.

"Muna cikin kogi ran Alhamis, ni da iyayena mata, ana yi mini wanka. Jiniya ba ta yi kuka ba. Da ƙofar nan ta buɗe, da yau ba shari'a kuke yi ba, a bakin kogi kuke kuna neman gawa." Ta juya ga Senyo. "Kai kuma shashasha, gidan yari za ka tafi don kada in sake kwana a tabarma? Ka tambaye ni?"

"Daavi, ban ga komai ba," in ji Senyo.

"Yi mini shiru. Ka gani."

Injiniya Akofa ta tashi. "Jiniya ta mutu, Togbe. Doka ta ce tashar da jiniyarta ba ta aiki ta faɗa wa cibiya ba ta shirya ba. In mun faɗi haka babu saye, babu albashi, ni kuma na ce ai da magariba kaɗai ake kira. Ni na ce mun shirya, kullum ni ke faɗa. Haka zan gaya wa cibiya."

Kofur ya duba ankwarsa, ya rasa hannun da zai sa wa, ya mayar aljihu. Belko ya tambaya ko zai iya tafiya, shanu ba su sha ruwa ba. Aka ce ya tafi. Ya tambayi sandarsa, aka ce ta karye. Ya ce da ma ba ta kai kaza ba, ya ratsa ta tsakiyar samari, suka buɗa masa hanya ba wanda ya iya haɗa ido da shi.

Abin da ya biyo baya bai ba kowa mamaki ba. Cibiya ta ɗora wa tasha laifi na uku ta fitar da ita daga kasuwa, Injiniya ta koma bakin teku, Senyo kuma ya hau motar Tema kafin matarsa ta haihu. Amma a ranar ba a kai nan ba tukuna. Mutane na tsaye cirko-cirko, Daavi Kosiwa ta sunkuya ta cire sabon takalminta, ta kaɗe ƙurar, ta ajiye a cinyar matar Senyo.

"Riƙe, ƙafarki ta kumbura. Abla, ina kika kai baƙin zanen? Kar dai kin ƙona."

"Yana nan," in ji Abla, tana share ido da gefen ɗankwali.

Ta kama hanyar gida ba takalmi, ba wanda ya yi mata magana, domin daga wannan lokacin ta koma takaba, ba a gaishe ta a hanya. Efo Gameli ya cire hularsa. Ya dubi ƙasa, don shi abin da ya iya ke nan, ya ga sawunta ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙura, daga gindin mangwaro har kwanar gidan kafinta, babu mai sharewa a bayanta.